Grove Karl Gilbert: Mutumin Da Ya Karanci Kogi, Amma Rami Ya Ruɗe Shi



A zangon karatun da ya wuce an ba mu wani aikin gwaji a lab: a zuba yashi cikin dogon kwami, a sako ruwa, a auna yawan yashin da ruwan ke kwashewa a minti ɗaya. Mu shida ne a guruf ɗinmu. Sau uku muna maimaitawa, sau ukun nan lissafinmu na ƙin haɗuwa da na littafi. Sai wani a cikinmu ya kawo shawarar da kowa ya sani, wato a nemo rahoton 'yan bara, a ɗan taɓa lambobin, a miƙa. Gaskiya ni ma zuciyata ta karkata, don ga gajiya ga jarabawa a gaba. Amma da daddare na ce bari dai in duba inda muka kuskure. Duk shafin da na buɗe a kan yadda ruwa ke ɗaukar yashi, sai in ci karo da suna ɗaya: Gilbert, 1914. Na ce to wane ne wannan mutum da ya hana ni barci? Da na bi sawunsa sai na tarar da labarin da ya fi rahoton lab ɗin nisa, shi ne na ga ya dace in kawo muku shi a wannan fitowar.

Tasowarsa

An haifi Grove Karl Gilbert ranar 6 ga Mayu 1843 a birnin Rochester na jihar Niyok, a Amurka. Mahaifinsa mai zanen hotunan mutane ne, kuma gidan ba na masu hali ba ne. Ya gama Jami'ar Rochester a 1862 yana ɗan shekara 19, kuma abin da ya fi karantawa shi ne lissafi da tsofaffin harsunan Girka da Latin. Ilimin duwatsu kuwa ɗan kaɗan ya taɓa. Da ya fito sai ya gwada koyarwa a garin Jackson na jihar Michigan, abin bai karɓe shi ba, ko shekara bai cika ba ya tattara ya dawo gida. Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban aji yara suka raina shi ya san irin wannan dawowar.

Daga nan ya samu aiki wajen wani mutum mai suna Henry Ward, wanda sana'arsa tara duwatsu da ƙasusuwan dabbobi yana sayar wa makarantu da gidajen tarihi. Shekara biyar Gilbert ya yi yana jera duwatsu yana rubuta musu suna. A 1866 aka tono ƙasusuwan wata tsohuwar dabba mai kama da giwa a garin Cohoes, a bakin kogin Mohawk, aka tura shi ya taimaka wajen harhaɗa su. To a can ne hankalinsa ya bar ƙashi ya koma kan kogi. Ya ga ramuka masu kama da turmi a jikin dutsen da ruwan ke bi, ya zauna yana nazarin yadda tsakuwa ke juyawa a ciki tana ƙwaƙule dutsen a hankali. Tun daga ranar har ya mutu tambayarsa ba ta canza ba: ta yaya ruwa ke cin dutse, kuma ina yake kai abin da ya ci?

A 1869 ya shiga aikin binciken ƙasa na jihar Ohio a matsayin ɗan sa-kai. A 1871 ya bi tawagar Wheeler zuwa yammacin Amurka, inda suka yi ta yawo a kan alfadarai cikin hamada. Daga baya ya koma tawagar John Wesley Powell, sojan nan mai hannu ɗaya da ya ratsa kogin Colorado a kwalekwale.

Abin da ya gano game da kogi

A 1875 da 1876 Gilbert ya ziyarci duwatsun Henry a jihar Utah, ya fitar da rahotonsa a 1877. A cikin rahoton akwai wani babi a kan yadda ruwa ke sassaƙa ƙasa, wanda har yau ɗalibai ke karantawa. Bari in kawo shi da irin harshenmu.

Na farko, ruwa zalla ba ya cin dutse da sauri. Yashi da tsakuwar da ya ɗauko su ne haƙoransa, da su yake goge ƙasan kogi, su kuma suna gogar juna suna ƙanƙancewa, shi ya sa dutsen da ya yi tafiya mai nisa a kogi yake zama mulmulalle. Na biyu, kowane kogi yana da iyakar kayan da zai iya ɗauka, gwargwadon yawan ruwansa da gangaren da yake bi. In kayan da ke bisa kansa ba su kai iyakar ba, sai ya yi amfani da ragowar ƙarfinsa ya ci ƙasa da gaɓa. In kuwa aka ɗora masa fiye da ƙarfinsa, sai ya sauke a hanya, ƙasan kogin ya tashi. Da haka kogi ke ta gyara gangarensa har ya dace da kayansa. Duk wanda ya ga rafin garinsu da damina, jajawur da laka yana tumbuke gona, ya sake ganinsa da rani ya zama shimfiɗar yashi 'yan tifa na ɗiba, ya ga wannan ƙa'idar da idonsa.

Da aka kafa hukumar binciken ƙasa ta Amurka a 1879, Gilbert na cikin manyan ma'aikatanta na farko. Ya shafe shekaru yana bin sawun wani tsohon tafki da ya ƙafe, wanda ya raɗa wa suna Bonneville. Faɗinsa ya kai murabba'in kilomita dubu 50, wato ninki biyu na Tafkin Cadi a shekarun 1960, kuma zurfinsa ya haura mita 300. Tafkin gishirin nan na Utah ragowarsa ne. Gilbert ya ga layukan tsohuwar gaɓar ruwan a jikin duwatsu kamar matakalar bene. A wuraren da tsofaffin koguna suka shiga tafkin kuma, ya ga yashin ya jeru hawa uku: laka mai laushi a kwance can ƙasa, yashi da tsakuwa a karkace a tsakiya inda suka gangara cikin ruwa mai zurfi, sai wani shimfiɗaɗɗe a sama inda kogin ya bi ta kai. Har gobe masana na kiran irin wannan tarin da sunansa, wato delta irin ta Gilbert. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa. Littafin Bonneville ya fito a 1890.

A tsakiyar wannan aikin ne, a 1883, cutar mashaƙo ta kashe 'yarsa Bessie tana ƙarama. Matarsa Fannie ba ta sake samun cikakkiyar lafiya ba har ta rasu a 1899. Waɗanda suka rubuta tarihinsa sun nuna mutum ne mai shiru, mai haɗiye damuwa, ya dai ci gaba da aikinsa.

Ramin Arizona

A 1891, lokacin yana babban masanin duwatsu na hukumar, wani dillalin ma'adinai mai suna Foote ya ba da labarin wani ƙaton rami a hamadar Arizona, wanda a lokacin ake kira Coon Butte. Faɗinsa kusan mita 1,200, zurfinsa wajen mita 170, bakinsa ya ɗago sama da filin da ke kewaye da kimanin mita 45, ga kuma gutsattsarin baƙin ƙarfe irin wanda ke faɗowa daga sama warwatse a gefensa. Nan take Gilbert ya yi zargin cewa wani ƙaton dutsen sama ne ya faɗo ya haƙa ramin. Ku lura fa, shi ne ya fara kawo wannan tunanin da gaske, kuma ya so a ce haka ɗin ne.

Sai dai bai yarda ya tsaya a kan son ransa ba. Kafin ya tashi ya tsara gwaji biyu. Na ɗaya: in ƙaton ƙarfe na binne a ƙarƙashin ramin, to ya cinye wani ɓangare na gurbin, saboda haka baraguzan da aka watso waje za su fi girman ramin yawa. Na biyu: ƙarfe mai wannan girma dole ya ja allurar kamfas. A ƙarshen shekarar ya je tare da Marcus Baker, suka yi kusan mako biyu suna awo. Sakamako: baraguzan sun yi daidai da girman ramin, allura kuma ko motsi ba ta yi ba. Gwaji biyu, duka sun ƙaryata abin da yake so. Sai ya ajiye ra'ayinsa, ya ce tururi ne ya taru a ƙarƙashin ƙasa ya fashe, tunda yankin da ke kusa cike yake da tsofaffin duwatsu masu aman wuta, ƙarafan kuma dacewa ce kawai ta kawo su wurin. A 1896 ya wallafa dukkan labarin, har da yadda tunaninsa na farko ya faɗi, a matsayin darasi a kan yadda ake gwada hasashe, kuma ya nuna cewa wannan amsar ma ana iya rushe ta in sabuwar hujja ta zo.

To jama'a, kuskure ya yi. Dutsen sama ne ya haƙa ramin, kimanin shekara dubu 50 da suka wuce. A ina lissafin ya zame? Ma'auninsa lafiya lau yake, matsalar tana cikin abin da ya ɗauka tun farko. Ya zaci ƙarfen ƙato ne sosai kuma yana nan a dunƙule. A zamaninsa ba wanda ya fahimci abin da gudu ke yi. Ƙarfen bai wuce faɗin mita 50 ba, amma ya zo da gudun da ya haura kilomita 12 a daƙiƙa ɗaya. A irin wannan gudun, karo fashewa ne kamar ta bam: yawancin ƙarfen ya narke, wani ya zama tururi, saura ya tarwatse. Babu wani dunƙulallen abu a ƙasa da zai ja allura ko ya cike gurbi.

Akwai kuma abu na biyu da ya fi ba ni mamaki. Ramin da ya auna ba shi ne ramin ranar farko ba. A cikin shekaru dubu 50 ruwan sama da iska sun zaizaye bakin ramin, masana na ƙiyasin ya ragu da mita 15 zuwa 20. Ƙananan koramu sun kwashe wani ɓangare na baraguzan sun yi waje da su, wani kuma ya gangara ciki. An ma taɓa yin tafki a cikin ramin, lakarsa da abin da ya gangaro suka taru kaurin kusan mita 30. Wato zaizaya, fannin da ya fi kowa sani a duniya, ta riga ta taɓa ɓangarorin lissafin nasa guda biyu kafin ya iso da ma'auni.

Wata kuma fa?

Abin da zai ƙara ɗaure muku kai shi ne, a 1892 ya shafe dare 18 yana kallon wata da babban madubin hangen nesa na rundunar ruwan Amurka a Washinton. Ya riƙa jefa dunƙulen laka cikin laka, yana harba harsashi cikin yumɓu da yashi, yana kwatanta ramukan da na wata. A 1893 ya wallafa cewa ramukan wata karo ne ya yi su, alhali yawancin masana na cewa aman wuta ne. Ya kuma lura da wasu tsagogi da suka fito kamar haskoki daga ƙaton filin nan na wata da ake kira Imbrium, ya ce baraguzan wani gagarumin karo ne suka karce wurin. A nan ya yi daidai, kuma sai bayan fiye da shekara 70, da 'yan sama jannati suka ɗebo duwatsun wata, aka gama tabbatarwa. Abu ɗaya ya dame shi: me ya sa ramukan duk da'ira ne, alhali dutsen da ya zo a karkace ya kamata ya bar rami mai tsawo? Amsar ita ce wadda ta kuɓuce masa a Arizona, wato fashewa da'ira take haƙawa ko ta wace kusurwa dutsen ya zo, sai fa in ya zo a kwance sosai.

Kuskuren Arizona bai tsaya a kansa shi kaɗai ba. Saboda girman sunansa, hukumarsa da yawancin masana suka riƙe maganar tururi shekara da shekaru. Wani injiniyan haƙar ma'adinai, Daniel Barringer, ya mallaki wurin a 1903, ya dage cewa dutsen sama ne, kuma ya yi gaskiya. Amma shi ma ya faɗa tarkon da Gilbert ya faɗa, ya zaci ƙarfen na binne, ya ƙarar da dukiyarsa yana haƙa har ya mutu a 1929 bai samu komai ba. Gilbert kuwa bai sake wallafa wani abu da ya janye matsayinsa ba har ya bar duniya, kuma ni a ganina wannan aibi ne da bai kamata a ɓoye ba. Sai a 1960 Eugene Shoemaker da Edward Chao suka samu wani ma'adini a cikin ramin wanda ba ya samuwa sai an matse yashi da matsin da ya fi ƙarfin aman wuta. Nan gardama ta ƙare.

Kwamin Berkeley

Aikinsa na ƙarshe ya sake mayar da shi kogi. A Kalifoniya, tun daga shekarun 1850, masu neman zinariya sun riƙa fesa wa tsaunuka ruwa da manyan mesa, suna rusa su don su tace zinariyar. Laka da tsakuwar duk suka zuba cikin kogunan Yuba, Feather, Bear da American, daga nan zuwa kogin Sacramento. Ƙasan koguna ya tashi, har na Yuba ya fi titunan garin Marysville tudu. Ambaliya ta binne gonaki, jiragen ruwa suka kasa wucewa. Manoma suka kai ƙara, a 1884 alƙali Sawyer ya hana zuba tarkacen a kogi. Masu haƙar ba su haƙura ba, suka kai kuka wajen Shugaba Theodore Roosevelt, sai aka tura Gilbert a 1905 ya binciko.

Yana can girgizar ƙasar San Francisco ta 18 ga Afrilu 1906 ta same shi a Berkeley, aka sa shi cikin kwamitin da ya bincike ta. Da ya koma kan aikin kogi sai ya ga babu wasu lambobi abin dogaro a kan yawan yashin da ruwa ke iya ɗauka. Saboda haka daga 1907 zuwa 1909, shi da injiniya Edward Murphy suka gina dogayen kwamaye na katako a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley. Suka tankaɗe yashi da tsakuwa aji-aji, suna canza yawan ruwa, faɗin kwami da girman ƙwaya, suna aunawa, ɗaruruwan gwaji. Wato kakan kwamin lab ɗinmu ke nan.

Ya bambance abu biyu da mu ɗalibai muke yawan cakuɗawa: girman dutse mafi girma da ruwa zai iya turawa daban, jimillar kayan da zai iya ɗauka daban. Ya bayyana cewa laka mai laushi tana tafiya a rataye cikin ruwa, yashi na tafiya da tsalle-tsalle, tsakuwa kuma na mirginawa ko jan ciki a ƙasa. Ya ga in ruwa na tafiya a hankali yashin ƙasa na yin tuddai masu matsawa gaba, in gudu ya ƙaru sai su baje, in ya ƙara ƙaruwa sai wasu tuddan su fito masu komawa baya, suna fuskantar inda ruwan ke fitowa. A nan na gano matsalar guruf ɗinmu: mun riƙa fara awo tun kafin yashin kwamin ya daidaita da ruwan, kuma yashinmu gauraye ne, ba mu tankaɗe shi ba.

A 1909 ciwon shanyewar jiki ya buge shi, aka zaci shi ke nan. A hankali ya farfaɗo, yana aiki kaɗan-kaɗan, ya fitar da littafin gwaje-gwajen a 1914, sannan rahoton tarkacen zinariya a 1917. Ya ƙiyasta cewa abin da aka zuba a kogunan ya haura kubik mita biliyan 1, kusan ninki takwas na ƙasar da aka haƙe wajen yin mashigin Panama. Ya nuna cewa tarkacen na gangarowa ne kamar wata doguwar igiyar ruwa mai ɗaukar shekaru gommai kafin ta wuce, kuma ƙarshenta mashigin tekun San Francisco, inda take cike hanyar jiragen ruwa. Masu haƙar zinariya ne suka nemi a yi binciken, amma amsar ba ta yi musu daɗi ba, shi kuma bai tausasa ta ba.

Ya rasu ranar 1 ga Mayu 1918 a gidan 'yar uwarsa a Jackson, garin da ya kasa koyarwa yana saurayi, saura kwana biyar ya cika shekara 75. A lokacin yana shirin komawa Kalifoniya ya auri Alice Eastwood, masaniyar tsirrai. Sau biyu ya shugabanci ƙungiyar masana duwatsu ta Amurka, a 1892 da 1909, kuma yau akwai rami mai sunansa a wata, akwai wani a duniyar Mars.

Inda kogi da rami suka haɗu

Gilbert ya yi nazarin kogi daban, rami daban. Waɗanda suka zo bayansa ne suka haɗa su. Me ya sa wata ke cike da ramuka, amma a duniyarmu waɗanda aka tabbatar ba su wuce kusan 200 ba? Ai duwatsun sama ba su ƙyale mu ba. Wata ba shi da ruwan sama ba shi da kogi, ramin da aka yi yana nan yadda yake. A nan kuwa ruwa na fara aiki tun daga damina ta farko. Baraguzan da ke waje su ke fara tafiya, don a sake suke. Sai koramu su tsattsaga bakin ramin, cikinsa ya zama tafki yana cika da laka. In wani kogi ya ci bakin ya ɓalle, tafkin ya tsiyaye, kogin ya ratsa ta tsakiya yana kwashe abin da ya rage.

A nahiyarmu ana iya ganin matakan nan. Tafkin Bosumtwi da ke kusa da Kumasi a Gana rami ne mai faɗin kilomita 10.5, shekarunsa kimanin miliyan 1. Bakinsa na nan, ruwa na gangarawa ciki ba ya fita, laka na ta taruwa a ƙasansa. A arewacin Cadi akwai Aorounga, wanda zaizaya ta ci har ya zama zobba a cikin hamada. Can ƙarshen layin kuma akwai Vredefort a Afirka ta Kudu, mai shekara fiye da miliyan 2,000, wanda ake ƙiyasin faɗinsa na asali tsakanin kilomita 170 da 300. Zaizaya ta cire duwatsu kaurin kilomitoci daga kansa, ramin kansa babu shi, sai saiwarsa, kuma kogin Vaal na ratsawa ta cikinta. Masana sun ɗebi yashin Vaal suka duba a madubin ƙara girma, suka samu ƙwayoyin ma'adinin zirkon da na farin dutse ɗauke da wasu siraran layuka waɗanda karo kaɗai ke yin su. Sun same su ɗaruruwan kilomita daga wurin, har zuwa inda kogin Orange ya shiga Tekun Atlantika. Amfanin wannan shi ne, ko rami ya shafe gaba ɗaya, ana iya gane an taɓa yin sa daga yashin da kogi ya kai wani wuri.

Sai kuma Mars. Ranar 18 ga Fabrairu 2021 na'urar Perseverance ta sauka a cikin ramin Jezero mai faɗin kilomita 45, inda wani tsohon kogi ya taɓa ɓalla bakin ramin ya zuba ciki. Hotunan da ta turo na wani tsauni sun nuna hawa ukun nan: na kwance a ƙasa, na karkace a tsakiya, shimfiɗaɗɗe a sama. Delta irin ta Gilbert, a cikin ramin dutsen sama, a wata duniya. Da ita aka tabbatar cewa tafki ya taɓa zama a wurin. Kada ku ce abin ya yi mana nisa: ranar 3 ga Oktoba 1962 wani dutse mai nauyin kilo 18 ya faɗo a gona a Zagami, cikin ƙasar Katsina, kuma bincike ya nuna daga Mars ya fito. Wani karo ne a can ya cillo shi sararin sama kafin ya ƙare a gonar manomi.

Komawa lab

Washegari na kai wa 'yan guruf abin da na samu. An ɗan yi musu, don wasu na ganin ɓata lokaci ne. A ƙarshe muka roƙi mai kula da lab ya ba mu awa biyu, muka tankaɗe yashin, muka bar ruwa ya gudana har ƙasan kwamin ya daidaita, sannan muka auna. Lambobin sun matso kusa da na littafi, amma ba su haɗu ba. Muka rubuta su yadda suke, har da na farkon da suka ƙi, muka bayyana abin da muke zaton ya jawo bambancin. Makin da muka samu matsakaici ne, ba zan yi muku ƙarya ba.

Abin da ya sa na ga maganar ta fi ƙarfin maki shi ne, yawancinmu nan da 'yan shekaru za a ba mu kwalbati, gada ko madatsar ruwa mu yi wa lissafi. Kwalbatin da aka yi wa lissafin ruwa aka manta da yashin da ruwan ke ɗauke da shi, damina biyu ta isa ta toshe shi, ruwan kuma gidajen mutane zai nufa. Gilbert ya yi kuskure a Arizona, amma da yake ya rubuta abin da ya zata, da abin da ya auna, da yadda ya auna, na bayansa sun iya gano daidai inda ya zame suka gyara. Da a ce ya taɓa lambobin don su dace da son ransa, da ya ci amsar a bisa sa'a, amma da ba wanda zai sake yarda da awon Berkeley da muke dogara da shi har yau.

Ga masu shirin furojet a bana, musamman 'yan sibil da 'yan ma'adinai, littattafansa na 1877 da 1914 suna nan kyauta a intanet. Turancin tsoho ne amma a sauƙaƙe yake rubutu, kuma teburan awonsa na nan cikakku. In an samu sarari a leƙa. Allah Ya ba mu sa'ar jarabawa, amin.